Mai Riƙon Makulli

Ƙarfe bakwai na safiyar Lahadi a Bradford,
gari bai gama wanke ido ba,
ni kuwa na sauko daga aikin dare
da ƙanshin sabulun gidan tsofaffi a hannuna.
Makullin ɗakin taro yana aljihun hagu,
ya yi sanyi kamar ruwan randa.

Sauran kwanaki nan ba majami'a ba ce.
Ran Talata 'yan dambe ke haya,
ran Alhamis tsofaffin mata ke wasan kati,
jiya da dare wani ya yi bikin haihuwa:
ga balan-balan guda ya maƙale a silin,
shi ma zai sha wa'azi yau.

Kujera arba'in da biyu nake jerawa.
Uku guragu ne, na san su kamar 'ya'yana,
ina kai su can baya, kada Malam Kefas ya zauna,
shi da ƙugunsa suna shari'a tun bara.

A Zonkwa ni ne shugaban makaranta,
in na shigo, yara ɗari shida ke miƙewa.
Nan kuwa ni ke durƙusawa
ina kankare cingam a ƙarƙashin teburin
da za a ɗora gurasa da ƙoƙo.
Na taɓa kai wa Ubangiji ƙara a kan haka.
Bai ce mini uffan ba,
sai dai a daren aka ba ni ƙafafun wani tsoho in wanke,
Baturen da ya manta sunan matarsa,
amma ya dafa kaina ya sa mini albarka.
Na fita bayan kicin na yi kuka kusa da kwandon shara.

Dinatu za ta zo da kula biyu na shinkafa
da ragowar maganar jiya a kan kuɗin gas.
Na ce a rage abin da ake aikawa gida,
ta ce uwarta ba haƙuri take ci ba.
Za mu zauna kafaɗa da kafaɗa,
littafin waƙa ɗaya, kowa ya kama gefe,
kafin baiti na uku yatsanta zai taɓa nawa.
Shekara ashirin da ɗaya, haka muke sulhu.

Habila ne ƙayar da ke tafin ƙafata.
Tun Ista bai tako nan ba.
Ya ce, "Baba, addu'arku ta cika tsawo,
kuma kullum zancen takardun zama kuke kai wa Allah."
Na ɗaga murya, ya ɗaga kafaɗa.
Mutanen da sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi,
ba su faɗi yadda ake yi
da wanda ya yi saiwa a ƙasar wasu ba.

Aka yi sujada, aka tashi.
Fasto ya zarce da minti goma sha biyar,
masu hayar ƙarfe ɗaya har sun fara leƙe ta taga.
Kowa ya ja jaka da yaro ya nufi bas,
aka bar ni da kujeru da ciwon baya.

Sai ƙofa ta yi ƙara.
Habila ne, hula har gira,
ko gaisuwar bai ƙarasa ba.
"Mama ta ce bayanka."
Yana ɗaukar biyar a tashi ɗaya, ina ɗaukar biyu.
Wa'azi ya taso mini har maƙogwaro,
na haɗiye shi da ƙyar.
Da ya kai kan guragun nan uku
ya kifa ɗaya, ya girgiza ƙafarta,
ya ce, "Wannan noti kawai take so.
Zan zo da sifana mako mai zuwa."

Ya Ubangiji, ka ji da kunnenka.
Bai ce zai zo sujada ba,
ni ma ban tambaya ba.
Na kashe fitila, na jawo ƙofa,
na miƙa masa makulli ya kulle.
Ya ga hannuna yana rawa.
Na ce masa sanyi ne.